Kumatu, cingam da bidiyon TikTok

Tambaya: Salam Anti. Ni dai kumatuna ne suka dame ni wallahi, fuskata zagaye kamar faranti ga bikina bayan babbar Salla. Na ga bidiyo a TikTok ana hura kumatu ana turo baki kamar kifi wai fuska tana tsukewa, wata biyu ke nan ina yi, kullum kuma cingam a bakina har Hajiyarmu ta fara faɗa, yanzu in na buɗe baki sai muƙamuƙina ya yi ƙas. Yana aiki kuwa?
Wata ƙanwarki daga Garwa

Amsa: Amarya, tofar da cingam ɗin nan tukuna mu yi magana. Siffar fuska ƙashi ne da kitse da fata, ƙashin kuwa gado ne, duba fuskar gwaggonninki ki gani. Tsokar fuska in kika motsa ta ƙaruwa take, ba kitsen da ke kanta take narkarwa ba, kitse ba ya sauka a wuri ɗaya don an matsa masa, sai dai jiki gaba ɗaya ya ragu.

A 2018 likitocin fata na jami'ar Northwestern a Amurka sun gwada wannan motsa tsokar fuska, mata 16 'yan shekara 40 zuwa 65 suka kammala sati 20 suna yi minti 30 a zama ɗaya, kin san me ya fito? Kumatunsu ne suka ƙara cika! Su abin ya yi musu daɗi don shekaru sun fara zabge musu fuska, ke kuma gudun cikar kike, kin ga kin hau motar Marwa alhali Ngaundere za ki.

Cingam ɗin ma haka, tsokar tauna yake ƙara wa kauri sai ƙasan fuska ya ƙara faɗi, ƙas ɗin nan da kike ji kuwa gaɓar muƙamuƙi ce ta gaji. Ki huta, in ciwo ya wuce sati biyu ko bakin ya ƙi buɗuwa sosai ki ga likitan haƙori.

Sai tambayar da ba ki so, wane mai kike shafawa? Don na san gyaran amare. Man bilicin da yawa akwai sitiroyid a ciki, wani magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa don kumburi da ƙaiƙayin fata, in aka daɗe ana lafta shi yana iya kumbura fuska ya sirantar da fata. In da shi kike ki kai wa likita kwalbar ya duba. Ki rage Maggi da gishiri da dare, ki riƙa barci da wuri. Sauran kuma aikin mai ɗaurin kallabi ne, ki ce ta ɗaga shi sama kaɗan.