Kaɗaici Ya Ishe Ni A Agege

Tambaya: Anti, wata 7 kenan da aka kawo ni Agege a Legas daga Zariya, maigida tun asuba yake tafiya kasuwar Mile 12 sai dare, maƙwabta duk Yarbawa ne ban san kowa ba. Ya zan yi?

Amsa: Ayya ƙanwata, wallahi na tausaya miki. Kin iya lalle? To kwaɓa shi ran Asabar ki shimfiɗa tabarma a tsakar gida ki kira matan gidan, kowa ta zana wa 'yar uwarta ko bata iya ba, ai suma sun san shi, laali suke ce masa. Kuma lalle sai an zauna yake kamawa, hannu ba halin taɓa waya, hira dole ko da buroka ne. In kun saba ki roƙi wacce ta iya adire, wato rinin zane irin na Yarbawa, ta koya miki.