Lemon Ƙurɗuba

Mai sunan Malam, saƙonka ya iso. Ƙanwarka ce ta karanta min shi bayan la'asar, ita ce kuma take buga wannan amsa, in ka ga kuskure ka san wanda za ka kama. Na ji ka ce hutu ya zo, ku huɗu za ku bar Jamus ku zaga Paris da Rum da Barsalona cikin kwana bakwai, daga nan ka wuto gida. Sannan ka tambaye ni wai shin tsaraba dole ce a al'ada, ko kuwa hotunan da za ka riƙa zubawa a zauren WhatsApp na dangi sun wadatar, tunda kuɗin Turai ya yi tsada kuma mutanen gidan nan sun fi arba'in.

Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Matar taka, wadda ka gudu ka bar min ina ciyarwa, cewa ta yi a gaya wa wannan marowacin ita ba ta ɗaura hoto a ka. Amma da dare ya yi na kwanta, sai dariyar ta tafi ta bar ni da tunani. Yaron da ke tambaya ko tsaraba dole ce, gobe zai tambaya ko gaisuwa dole ce.

Gari uku a kwana bakwai! Kai da wa kuke tsere? Kakata, wadda mijinta ya yi fatauci har Gwanja, takan ce garin da ba ka kwana uku a ciki ba wucewa ka yi, ba zuwa ba. Ranar farko ta gajiya ce, ta biyu ta kallo, sai a ta uku gari ke fara yi maka magana.

Bari in ba ka labarin nawa zuwan, ko da yake na san ka sha ji a gutsure. A 1978 aka tura mu Ingila kwas na shekara guda, mu malaman makaranta. Da na je sallama, Malam yana zaure a kan buzu, ɗalibai sun watse. Bai tambaye ni Landan ba ko sau ɗaya. Abin da ya ce shi ne, "Ƙasar nan da za ka, tana da nisa da Andalus?" Na ce ai can Sifen ne, akwai tazara amma ana zuwa. Ya yi shiru, sannan ya ce in Allah ya kai ni Ƙurɗuba in gaishe masa da su. Na ce da su wa, Malam? Ai Musulmin can sun daɗe da ƙarewa. Ya dube ni irin kallon da yake wa ɗalibin da ya karya baƙi, ya ce, "Wanda ka ci tuwonsa, ko ya mutu kana gaida ƙofar gidansa."

Ban gane ba a lokacin, sai a hanya. Ishiriniyar nan da ake rerawa a unguwarmu duk watan Maulidi, wadda kai ma ka taso kana jin ta, mai ita Alfazazi haifaffen Ƙurɗuba ne. Muwaɗɗar da Malam ke karantarwa, ruwayar Yahaya ɗan Yahaya Allaisi ce, shi ma mutumin garin. Mai tafsirin nan da ake ce wa Ƙurɗubi, sunansa ma ya gaya maka daga inda ya fito. Ashe tuwon da Malam ke nufi ke nan. Bai taɓa wuce Kano ba sai da ya je Makka, amma ya san garin nan fiye da ni da zan taka shi.

Hutun Kirsimeti ya zo, makaranta ta watse, sanyi kamar zai tsaga ƙashi. Ni da wani abokin karatuna ɗan Sudan muka haɗa 'yan kuɗinmu. Ku yanzu jirgin ƙasa na bi da ku ta ƙarƙashin teku, amma wannan rami sai 1994 aka buɗe shi. Mu jirgin ruwa muka hau daga Doba zuwa Kale, na yi amai har na raina kaina. Daga nan jirgin ƙasa zuwa Paris, inda muka hango hasumiyar ƙarfen nan taku daga nesa muka ce mata sannu. A bakin iyakar Sifen aka sauke mu muka canza jirgi, don faɗin layin dogonsu ba ɗaya ba ne da na Faransa. Muka canji feseta, kuɗinsu na wancan zamani. Shekara uku ke nan da mutuwar Janar Faranko, mai mulkin ƙasar. Daga Madrid muka yi kudu, muna ta ratsa gonakin zaitun har ido ya gaji.

Da asuba muka sauka. Muka yi salla a ɗakin da muka kama, muka fita neman masallacin. Lungunan tsohon garin ƙanana ne, a murɗe, katangu farare, in ka leƙa ta ƙofa sai ka hango tsakar gida da shuke-shuke. Na ce wa abokina, wannan ai cikin birnin Zariya ne aka shafa wa farar ƙasa. Muka ɓata sau biyu. Ba mu da Sifananci, su ba su da Turanci, amma da ka ce "Meskita" sai a nuna maka da hannu. Har yau sunan da suke kiran wurin ke nan, wato masallaci, alhali coci ne tun 1236 da Sarki Fadinan na Uku ya ci garin.

Kafin ka shiga ginin akwai wani fili mai faɗi, cike da itatuwan lemo a jere, 'ya'ya sun nuna jajur. A gefe ga hasumiyar ƙararrawa, wadda aka gina ta lulluɓe hasumiyar kiran salla ta asali a cikinta. Na tsaya a bakin ƙofa, na rasa yadda zan isar da saƙon Malam. Sai kawai na yi sallama a hankali, kamar mai shiga zauren mutane. Na ce Malam wane na Zariya yana gaishe ku. Abokina ya yi dariya, can kuma na ga ya juya baya yana goge ido.

Na sunkuya zan cire takalmi, sai na ga kowa da nasa yake shiga, na mayar. An riga an gaya mana ba a salla a ciki, kuma har yau haka dokar take. Ba mu yi gardama ba. Malam yakan ce baƙo ba ya gyara wa mai gida shimfiɗa.

Cikin kuwa, ɗan nan, hoto ba ya ɗaukarsa. Da farko duhu-duhu, sai ido ya saba, sai ka ga ginshiƙai sun fi ɗari takwas, sun tafi ta kowace fuska kamar ka shiga gonar dabino. A kan kowanne akwai bakan gizo hawa biyu, ɗaya bisa ɗaya, an jera jan bulo da farin dutse, ja, fari, ja, fari. Abdurrahman na Farko, ɗan Banu Umayya da ya tsira daga Sham, shi ya fara ginin wajen shekarar 785, na bayansa suka yi ta ƙarawa har kusan shekara ɗari biyu. Muka yi ta tafiya har muka isa mihrabi, wanda Halifa Alhakam na Biyu ya gina. Ba ɗan loko ba ne irin namu, ɗaki ne guda, bakinsa an yi masa ado da ƙananan gilasai masu ruwan zinariya, da ayoyi cikin rubutun Kufi. Na tsaya bayan shingen ina haɗa baƙi da kyar, don rubutun ba irin na allonmu ba ne. Wasu Turawa suka ga bakina na motsi, suka matso suna kallona, ni ma na zama abin kallo.

Muna juyowa sai ga coci, a tsakiyar masallacin sosai, dogo, mai haske, da gumaka da kujerun katako. A 1523 aka fara shi, zamanin Sarki Shal na Biyar, aka cire ginshiƙan tsakiya aka dasa shi. Ba zan ɓoye maka ba, ƙirjina ya yi nauyi. Amma na ga wata tsohuwa da baƙin mayafi ta durƙusa tana addu'a, hawaye na zuba, sai na ja abokina muka koma gefe don kada mu tsaya mata a ka. Ita ma a nan kakanninta suka yi ibada shekara ɗari bakwai.

Da muka fito fili na zauna a gindin wata bishiya, ƙafa ta gaji. Wani dattijo mai shara, da hular ulu da tsintsiya doguwa, ya ga ina ta kallon lemon. Ya duƙa ya ɗauki guda da ya faɗo, ya goge a rigarsa, ya miƙo min yana wata magana yana girgiza kai. Na ɗauka cewa yake kada in ji kunya. Na ɓare na kai baki. Wayyo! Ɗaci da tsami suka haɗu suka murɗe min fuska. Ashe gargaɗi yake min, irin lemon nan ba a shan sa haka, sai an dafa da sukari. Kallon kitse na yi wa rogo. Tsohon nan ya yi dariya har ya jingina da tsintsiyarsa, ni ma na taya shi. Ya nuna ni ya ce "Afirka?" Na ce Najeriya. Ya dafa kafaɗata, ya koma shararsa. Ɓawon kuwa ƙamshinsa ya kama min hannu, sai na naɗe shi a hankici na jefa a aljihun kwat, na manta da shi.

Wata bakwai bayan haka na dawo gida. Na yi tsaraba ta gani ta faɗa, don a lokacin naira na da daraja: agogo, rediyo, yadi, turare, har da lema. Na kai wa Malam agogon hannu da bargo. Ya sa albarka, ya tura su gefe, ya ce, "Ka je?" Na ce na je, na kuma isar da gaisuwa. Ya ce to ba ni labari. Na kawo hotuna guda goma sha biyu. Kunya ta kama ni a nan, don goma daga ciki ni ne a tsaye da kwat da tabarau, na tare rabin ginin. Ya duba ya ce, "Kai ai na san ka."

Sai ya shiga tambaya. Ina alƙiblarsu ta fuskanta? Wannan na sani, na ce kudu ta fi karkata. Sahu nawa zai ci? Na yi ƙiyasi. Malamai a ina suke zama su ba da karatu? Na yi 'yan kame-kame. Sai ya ce, jama'a mai yawa haka, daga ina suke samun ruwan alwala? Na yi tsuru. Na tuna a filin lemon nan akwai 'yan magudanai a ƙasa da ke bi daga bishiya zuwa bishiya, na tsallake su ban ko duba ba. Ya ce, "Ka je gidan mutane ba ka tambayi randarsu ba." Bai faɗa da faɗa ba, kuma hakan ya fi ciwo. Sai bayan shekaru na karanta cewa filin nan shi ne wurin alwala, kuma Alhakam ya jawo ruwa daga duwatsun da ke arewa da garin. Lokacin da na samu amsar, mai tambayar ya riga mu gidan gaskiya.

Ina cikin wannan kunya ne na tuna da hankicin. Na aika aka ɗauko kwat ɗin. Ɓawon ya bushe ya yi baƙi-baƙi, ya ƙanƙance kamar tsohuwar fata. Na ba shi labarin mai shara da yadda fuskata ta yi, ya yi dariya irin wadda ban taɓa jin ya yi ba. Ya karɓa, ya murza kaɗan, ya kai hanci, ya daɗe a haka. Ya ce, "A harabar masallacin ya tsiro?" Na ce a nan. Bai ƙara cewa komai ba. Agogon, wani almajirinsa na gani da shi bayan sati biyu. Ranar da muke rabon littattafansa, na buɗe gafakar da yake ajiye Ishiriniya, sai ga ɓawon nan a naɗe cikin takarda.

To ka ji. Ku 'yan yanzu kuna zuwa wuri ku juya masa baya, ku ɗaga waya, ku yi murmushi, ku wuce. Ba zan cika yi maka faɗa ba tunda ni ma na yi nawa da kwat da tabarau, sai dai ni guda goma sha biyu na ɗauka, kai za ka ɗauki dubu. Kuma ina da tambaya: ka taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na nan Zariya, ka ɗaga kai ka ga bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaure da ƙasa da azara? Shi ma yana nan cikin sabon ginin da aka lulluɓe shi da shi. Sau nawa ka bi ta ƙofar fada a kan babur ba ka leƙa ba? In wani Bature a Rum ya ce ka ba shi labarin ginin garinku, me za ka ce masa?

Batun mutum arba'in kuwa, wa ya ce maka kowa sai an ba shi agogo? Mijin kakata daga Gwanja goro yake kawowa, ana fasa ɗaya a ba mutum biyu, ba wanda ya taɓa cewa an raina shi. Kafin ka tashi, ka kira gwaggwanninka ɗaya bayan ɗaya ka yi musu sallama da bakinka, ba a zaure ba. Ka tambayi kowacce me take so ka gano mata. Za ka sha mamakin abin da za su ce.

Daga Barsalona akwai jirgin ƙasa mai gudu da ke zuwa Ƙurɗuba, ba irin wahalar da muka sha ba. In abokanka sun yarda ku rage kwana ɗaya a wani wuri, ka je ka tsaya a filin nan ka bi magudanan da ido, ka ga inda suka fito da inda suka nufa, ka zo ka gaya min. Sunan mai gaisuwar ne a kanka, sai ka yi sallama a ƙofa. Lemon kuma kada ka sha.

Matarka ta ce kallabi take so, mai ruwan goro, kuma kada ka kawo mata irin mai santsin nan da ke zamewa. Ƙanwarka ta ce yatsunta sun gaji, an kuma kira magariba.