Ƙaramin zanen gwaji ɓarnar fenti ne?

Tambaya: Malam, ina koyon zane da fentin mai. Malaminmu ya hana mu taɓa babban ƙyalle sai mun fara yin ƙaramin hoton a kwali, shi ma da fenti. Ga fenti da tsada. Fensir bai wadatar ba? Daga wata ɗaliba a Gwammaja, Kano.

Amsa: 'Yata, malaminki aljihunki yake tausaya wa. Fensir zai nuna miki inda doki zai tsaya, amma ba zai gaya miki jan alkyabba zai danne sauran launuka ba. Wannan sai fenti ya hau.

Ni jikina ne ya gaya mini. An taɓa ba ni aikin hoton Hawan Daushe, zumuɗi ya sa na auka wa babban ƙyalle kai tsaye. Kwana tara ina ta ƙawata linzami da sirdi. Da na ja baya na duba, sai ga rana tana dukan mahaya ta dama, inuwarsu kuma ita ma ta faɗi dama! Kankarewa na yi, raina a ɓace. Da kwali mai faɗin tafi biyu na fara, da awa guda ta tona wannan.

Turawa sun daɗe da mayar da abin doka. A makarantar zane ta birnin Faris, cikin ƙarni na 19, zagayen farko na gasar Prix de Rome, wadda ake tura gwaninta ƙaro ilimi a birnin Rum, shi ne a ba ka jigo ka fitar da ƙaramin zanen fenti a yini guda. In ka faɗi a nan, kai da babban ƙyalle sai hange. Shi kuwa shahararren mai zane Rubens, a 1620 ya karɓi aikin hotuna 39 na rufin wata majami'a a birnin Antwerp, a ƙasar Beljiyam ta yau. Ƙananan ya zana da hannunsa, yaran shagonsa suka bi su suka yi manyan. Gobarar 1718 ta cinye manyan ƙurmus, amma da dama daga ƙananan suna nan har yau, kuma ni sun fi burge ni, don hannun bai tsaya kwalliya ba.

Ke ma kada ki tsaya yin ido da hanci. Launi huɗu ko biyar, burushi mai kauri, ki raba haske da duhu kawai. Sai ki jingina kwalin da bango ki koma bakin ƙofa. In daga can ba ki gane Sarki a ƙarƙashin laima ba, ɗauko wani kwalin.