Ana Biyan Haraji Idan An Sayi Kayan Kafinta Ta Intanet?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni kafinta ne a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim, ina yin ƙofofi da gadaje da bencin makaranta. Yarona ya nuna mini injin yankan katako da na huda a waya, wasu a Jumia, wasu a shagunan ƙasar waje, kuma na wajen sun fi araha nesa ba kusa ba. Wani ya ce mini sayayyar intanet babu haraji, wani kuma ya ce kwastam za su riƙe kayan. Wanne ne gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya yi wa sana'a albarka. Mai maganar farko bai faɗi daidai ba. Hukuma ba ruwanta da ko a waya ka saya ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Abin dubawa shi ne daga ina kayan za su taso.

Idan mai sayarwar yana cikin Najeriya, harajin da ya shafe ka shi ne VAT, wato harajin da ake ɗorawa a kan farashin kayan da aka saya. An fara karɓarsa a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka mayar da shi kashi 7.5 a watan Fabrairun 2020, kuma sababbin dokokin harajin da aka sa wa hannu a 2025 ba su taɓa wannan adadi ba. Na tarayya ne, don haka na Ringim da na Legas duk ɗaya. Injin da asalin kuɗinsa naira 100,000 ne zai tashi a 107,500. Yawanci ma an riga an cusa shi cikin farashin da ka gani, mai shagon ne zai miƙa wa hukuma. Kuɗin kai kaya zuwa Kano ko Dutse, da abin da za ka ba direba ya ƙaraso maka da shi gida, wannan ba haraji ba ne, amma daga aljihunka zai fita.

Kayan waje ne ke da sarƙaƙiya. In ban da ƙananan ƙunshin da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, waɗanda aka yafe wa tun 2025, abin da ya shigo ƙasar nan kwastam na da ikon ɗora masa kuɗin fito, bisa jadawalin ƙungiyar ECOWAS mai matakai biyar: 0, 5, 10, 20 da 35 cikin ɗari, gwargwadon nau'in kaya. Ba a kan kuɗin injin kaɗai ake lissafawa ba, har da kuɗin dako da inshora. Sannan VAT ta hau kan jimillar, har da kuɗin fiton kansa. Mu ƙaddara injin da dakonsa sun kai naira 1,000,000, kuma ya faɗa matakin kashi 10: ya zama 1,100,000, VAT ta ƙara 82,500, ka ga 1,182,500 ke nan, tun kafin ƙananan caje-caje da ladan kamfanin da ya fito maka da shi. Kuma da dala ake auna darajar kayan, idan naira ta faɗi kafin su iso, kai za ka cika. To araha fa, an ce ba ta ado.

Za ka ji wasu na cewa ai ƙunshinsu ya zo ba a karɓi ko kwabo ba. Yana faruwa da ƙananan abubuwa irin su bakin zarto ko tef na awo. Kada ka gina lissafin inji mai nauyi a kan wannan.

Idan kuwa daga Amurka ne, can yawancin jihohi kowace da nata harajin sayayya, kuma adireshin da za a kai kayan ake dubawa. Ka tura wa ɗan'uwa a Texas ya taho maka da shi, za a caje ka na Texas. Jihohi irin su Oregon da Delaware ba sa karɓa. Ni dai ban cika ba kafinta shawarar injin Amurka ba ma: ƙarfin wutarsu volt 120 ne, namu 230, jona shi kai tsaye a janareta ƙona shi ne.

Dokar kuɗi ta 2019 ta sauke wa mai cinikin da bai kai naira miliyan 25 a shekara ba nauyin karɓar VAT daga masu saye, sabuwar dokar kuma ta ɗaga wannan iyaka. Ke nan ba za ka ɗora wa mai sayen gado kashi 7.5 ba, amma wanda ka biya a kan inji shi ma ba za a mayar maka ba. Ka sa shi cikin kuɗin jari lokacin da kake yanka farashin aiki.

Kafin yaron ya danna biya, ya tambayi mai kayan a rubuce ko kuɗin fito na cikin farashin. Duk wanda ya bugo waya ya ce kayanka na hannun kwastam, ka tura kuɗi asusunsa na kansa, ɗan damfara ne. Kuɗin kwastam ta banki ake biya, ko ta kamfanin da ya ɗauko kayan, kuma da rasit.