Wane Madubi Zan Ɗaura Wa Mai Keke?

Tambayarka ita ce: "Oga, in mutum ya kawo keke ya ce a sa masa madubi, wanne zan ba shi a cikin kala-kalan da ke kasuwa, wane hannu zan ɗaura, kuma me ya sa wasu da an ɗaura sai su dawo da shi yana lilo?" To, ɗana, ka buɗe kunne, don aikin ƙarami ne a ido, amma ran mutum ne a kansa.

Zancen hannu ba shi da tsawo. Tun 1972 Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, saboda haka mai keke gefen dama yake bi, kusa da kwata, kuma duk abin da zai wuce shi ta hagunsa zai biyo. In madubi ɗaya ne, hagu za ka ɗaura. Na dama ƙari ne ga wanda hanyarsa take bi ta shataletale, ko manyan titunan Kano irin su Titin Zariya da Titin Katsina, inda dole ya shiga tsakiya kafin ya sha kwana, ababen hawa suna wuce shi ta kowane ɓangare.

Sai fuskar madubin. Akwai shafaffe, akwai mai ɗan tudu a tsakiya. Shafaffen yana nuna mota da girmanta da nisanta na gaskiya, amma wurin da yake ɗauka kaɗan ne; da kan keke ya ɗan motsa, titin ya fice daga ciki. Mai tudun yana kwaso titi da faɗi, sai dai yana ƙanƙanta komai, motar da take kusa sai ka ga kamar tana can nesa. A cunkoson garin nan na fi son mai tudu kaɗan, wanda faɗinsa ya kai santimita 7 zuwa 10. Mai tudu da yawa, wanda mota take komawa ɗigo a cikinsa, kada ka ɗaura wa kowa ko da shi ya zo da abinsa. Kuma duk wanda ka sa wa mai tudu, ka faɗa masa da bakinka cewa abin da yake gani ya fi haka kusa.

Kafin ka karɓi madubi a hannun ɗan kasuwa, miƙa hannunka da shi ka kalli falwaya ko gefen ƙofar shago a ciki, ka riƙa karkata shi a hankali. In layin ya tafi sumul, fuskar tana da kyau. In ka ga yana karyewa yana murɗewa, ajiye musu kayansu, domin haka zai riƙa murɗe mota. Sannan ka ƙwanƙwasa shi da mukulli: gilas yana da ƙara mai kaifi da sanyi a hannu, roba kuwa ƙararta a dushe take. Na roba ba shi da nauyi kuma ba ya tarwatsewa in an faɗi, shi ya sa nake sa wa yara 'yan makaranta shi. Amma ƙurar hunturu ba ta barinsa. Ana gogewa da hannun riga yana karcewa, kafin damina ya yi hazo. Babban mutum mai hawa kullum, gilas za ka ba shi. Ka kuma duba bakin gilas ɗin inda ya shiga gidansa. In akwai kafa, ruwa zai shiga ya ci bayansa, baƙin tabo ya fara daga gefe yana cin ciki.

Wajen ɗaurawa, iri biyu ne za ka fi haɗuwa da su. Na farko mai zobe, wanda yake kama kan keke kusa da birki. Na biyu wanda ake cusawa a bakin bututun kai, can ƙarshen mariƙi, a ɗaure ƙusarsa, robar ciki ta kumbura ta kama. Na biyun ya fi nuna baya, tunda ya fita daga jikin mahayi, amma sai ka huda robar mariƙin, kuma shi ne farkon abin da zai daki bango a lungunan cikin gari, ko ya gogi jikin adaidaita sahu. Akwai na maƙalawa a hular kwano ko tabarau. Ba zai cika zo maka ba.

Yanzu ga maganar lilo, inda nake so ka fi natsuwa.

Kaurin kan keke a wajen mariƙi milimita 22.2 ne a yawancin kekunan da za su shigo shagon nan, daga tsofaffin Raleigh da Phoenix har na zamani masu giya. Zoben madubin kasuwa sau da yawa yakan ɗan fi haka faɗi, kuma ƙarfe mai sulɓi a kan ƙarfe mai sulɓi ba ya riƙo. Abin da yara suke yi shi ne su yi ta ɗaure noti har haƙorinsa ya cinye, ko zoben ya tsage. Kai kada ka yi haka. Goge wurin tas, kada a sami maiƙo ko kaɗan. Yanko tsohuwar robar cikin taya, faɗin santimita 2, tsawon santimita 7, wato daidai zagaye ɗaya na kan keken. Naɗa ta sau ɗaya, ka ɗora zoben a kai. Robar tana hana zamewa, tana kuma shanye wani abu daga girgizar hanya. In ka naɗa biyu ko uku zoben zai zauna a kan abu mai laushi, madubin ya riƙa rawa fiye da da.

Noti yawanci na sifana 8 ne ko 10, wasu kuma da alanki (ɗan lanƙwasasshen ƙarfen da ake cusawa a ramin kan ƙusa) 4 ko 5 ake ɗaure su. Ka sa washa mai tsaga, wato ɗan zoben ƙarfe, a ƙarƙashin notin, ko ka ƙara noti na biyu ka matse shi a kan na farko, domin girgiza ce take kwance noti, ba ƙarancin ƙarfin hannunka ba. In zoben mai ƙusa biyu ne, ka riƙa ɗaure su bi da bi, kaɗan nan kaɗan can, don ya zauna daidai. Iyakar ɗaurin shi ne ka tura sandar madubin da tafin hannu ta ƙi motsi, amma in aka buge ta da ƙarfi ta juya. Wannan juyawar ita take ceton gilas ɗin, ita take kuma hana kan keke fizgewa in wani abu ya taɓa madubin ana cikin tafiya.

Tsawon sanda ma yana da nasa. Doguwar sanda siririya komai ɗaurinka sai ta yi rawa, har mahayi ya kasa bambance mota da babur. Santimita 10 zuwa 15 ya isa, mai kauri. Wasu za su kawo maka madubin babur su ce ka ɗaura. Yana yiwuwa in ka sami zoben da haƙorinsa ya dace, don akwai na milimita 8 akwai na 10, amma yana da nauyi, kuma nauyin yana jan kan keke gefe guda. Sai mai ɗaukar kaya nake yarda a sa wa shi. In kuma ka ga wani ya ƙi shiga, kada ka tilasta: na hannun dama a baburan Yamaha haƙorinsa a juye yake, ta hagu ake ɗaure shi.

A bayan gilas akwai ƙwallon da yake ba shi damar karkata. Kada mai ko giris ya taɓa shi. In ya saki kuma yana da ƙusa, ɗan ƙara mata har ya zama sai da yatsu biyu da ɗan ƙarfi yake motsi. In ba shi da ƙusa kuma ya riga ya saki, madubin ya gama aiki.

Wani lokaci kuma madubin ba shi da laifi. Kama birkin gaba, ka tura keken gaba ka jawo shi baya. In ka ji ƙwas-ƙwas a wuya, boris ɗin wuya ne ya saki, kuma duk madubin da ka ɗaura sai ya yi rawa har ka gyara shi. Haka wilin gaba da ya karkace. Gyara waɗannan tukuna. A kekuna masu birkin sanda kuwa, bayan ka ɗaure ka matsa birkin har ƙarshe, ka tabbatar zoben bai tokare shi ba. Ka kuma bar wa babban yatsa hanyar ƙararrawa.

Saiti ba a yin sa keke yana jingine. Mai keken ne zai hau sirdi, ya kama mariƙi da hannu biyu, ya zauna yadda ya saba zama a tafiya, kan keken a miƙe. Kai ka koma bayansa kamar taku ashirin, ka ɗan matsa hagu inda mota za ta biyo, ka ɗaga hannu. Ya karkata gilas ɗin har ya gan ka a tsakiya ba tare da ya sunkuya ko ya leƙa ba. A gefen ciki ya ga ɗan gwiwar hannunsa kaɗan, don ya san inda yake a jikin abin da yake gani. Sauran duk titi ne. In rabin madubin sama ce, sauke shi. In kwalta ce kawai, ɗaga. Mai babbar riga ya sa ta a lokacin saitin, don hannun rigar yana rufe madubi. Mai ɗaure jarkoki ko buhu a kariya, da kayan a kai za a saita, kuma dole gilas ɗin ya fito ya wuce faɗin kayan, in ba haka ba jarka kawai zai yi ta kallo.

Kada ka sallame shi sai ka koya masa aiki da shi, don yawancinsu ba su taɓa samun mai faɗa musu ba. Motar da take gudun kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya, keke mai gudun 15 yana cin kusan mita 4. Ke nan motar da ya hango a mita 50 cikin daƙiƙa biyar ta cim masa. Kallon da ya yi ɗazu bai isa hujjar karkatawa yanzu ba. Haka kuma in ya zuba wa madubi ido daƙiƙa biyu, ya yi mita 8 bai ga gabansa ba. Tun da aka hana acaɓa a 2013 adaidaita sahu suka cika titunan Kano, kuma gefen da mai keke yake bi nan suke tsayawa ɗaukar fasinja, sau da yawa ba sigina. Don haka kallon madubi ƙiftawa ɗaya ne, ido ya koma gaba, a maimaita akai-akai.

In zai kauce wa rami ko motar da ta tsaya, ko zai sha kwana hagu, sai ya duba madubi, ya waiwaya ta kafaɗar hagu, ya miƙa hannu, ya sake dubawa, sannan ya karkata. Waiwayen ba a barinsa, domin abin da ya riga ya zo daidai kafaɗarsa ya fita daga madubi, kuma wani keken ko babur mai lantarki ba za a ji ƙararsa ba. Ka kuma nuna masa cewa madubin yana bin kan keke ne: a cikin kwana bango ko shaguna zai nuna masa, don haka kafin kwanar ake dubawa. In ya hango tirela ko tifa, ya ba ta hanya tun da wuri, kada ya tsaya a gefenta na dama a mahaɗa, inda direban ba ya ganinsa.

Da yamma in ya fuskanci gabas, rana tana bayansa tana shiga madubin, da dare kuma fitilun mota. Ya ɗan sunkuyar da gilas ɗin, in gari ya waye ya mayar. Ƙura kuwa a fara zuba mata ruwa kafin a goge da tsumma mai laushi. Ka ce ya dawo bayan mako guda ka sake taɓa notin, don robar da ka naɗa takan kwanta ta bar ɗan sako-sako.