Ajiye ɗanyen kifi a gidan da wuta ba ta da tabbas

Wa'alaikumus salam 'yar uwa. Kin ce maigida ya sayo rabin katan na titus da 'yan tarwada ɗanyu, wutar unguwarku kuma sai ta ga dama, kina tsoron kada su lalace. Shekaru nake fama da wannan, ga yadda nake yi.

Titus ɗin kada ki bari ya narke wai sai kin gyara shi duka. Tun yana da ƙanƙararsa ki ɓamɓare, ki raba leda-leda, kowace leda daidai girki ɗaya, ki matse iskar ki ɗaure. Amfaninsa, ranar girki leda ɗaya za ki zaro, sauran ba abin da ya taɓa su. Fito da duka a narkar, a ɗibi biyu, a mayar da saura, shi ke kashe kifi.

Tarwada kuwa ba a kwana da ita da kayan ciki. Ki farke, ki cire hanji da jan abin nan na ƙarƙashin kunne, ki kankare baƙin jinin da ke manne a ƙashin baya, don daga nan wari ke farawa. Yauƙin ki goge da gishiri da lemon tsami, ki ɗauraye, ki tsane ruwan sosai kafin ta shiga leda. Shi lemon, ƙarni kawai yake ragewa, ba ya hana ruɓa, duk abin da za a gaya miki.

Inda nake so ki fi sa ido shi ne titus. Shi da sadin da tuna, in suka jima a zafi, ƙwayoyin cuta na sa namansu ya tara wani sinadari da ake kira histamin, kuma suya ko tafasa ba sa kashe shi. Kifin na iya yin kyau a ido, ba wari, amma ana ci, cikin mintuna zuwa awa ɗaya fuska ta yi ja, jiki ya hau ƙaiƙayi, ga ciwon kai, wani har gudawa. Da yawa cewa suke kifi ne bai karɓe su ba, alhali ajiya ce. In kin ji yana ɗan yaji a harshe ba ki sa barkono ba, ki tofar. Wanda numfashi ya fara yi wa wuya, a kai shi asibiti nan take.

Maganar wuta: firiza cikakkiya in ba a buɗe ta tana riƙe sanyi kusan awa 48, rabi kuwa awa 24. Shi ya sa nake cike gurbin da fiya wata su daskare, in kuma hana yara buɗe-buɗen neman ruwan sanyi. Wuta na dawowa ki taɓa kifin. In da sauran ƙanƙara a jiki, lafiya. In ya yi laushi, sanyi ya fita, jini ya taru a leda, ki haƙura da shi ko da tsada aka saya. A ɓangaren firij na ƙasa, ko da wuta, kwana 1 zuwa 2 ne iyakar ɗanyen kifi, kuma a can ƙasa cikin roba mai murfi, kada ya ɗiga a kan zoɓo ko ragowar miya. A firiza ma titus ba ya son wuce wata 2 zuwa 3, mansa na canza ɗanɗano.

Wajen narkarwa ban da shanyawa a tsakar gida. Ki sauke shi firij tun da dare, ko ki tsoma ledar a ruwan sanyi kina sauyawa duk rabin awa. A zafin Maris da Afrilu awa ɗaya a waje ma ta yi yawa. Wuƙa da katakon da kika yanka kifi sai sun sha sabulu kafin su taɓa latas ko kabeji.

In wutarku takan yi kwana uku ba ta leƙo ba, ni dai shawarata ki kyafe tarwadar yau ta bushe ƙayau, titus kuma ku raba da maƙwabciya, gaba ki riƙa sayen na kwana biyu.