Amsoshin Tambayoyinku: Bayanan Abokan Ciniki da Abin da Ya Cancanci a Kashe wa Kuɗi

Wasiƙun da suka taru a wannan karon kusan duka a kan abu guda suke, wato yadda mai ƙaramar sana'a zai yi da sunaye da lambobin waya da hotunan mutanen da yake hulɗa da su. Na taƙaita tambayoyin, na kuma cire sunayen masu su, tun da bai dace filin da ke magana kan sirri ya fara da tona na masu rubuto masa ba.

Tambaya: Malam, ina sayar da kaya ta intanet, ma'aikata uku gare ni. Na ji an ce akwai dokar da ke cin tarar wanda ya ajiye lambar wayar abokin ciniki, tun daga lokacin hankalina bai kwanta ba. In daina ajiye lambobin ne, ko in nemi lauya?

Amsa: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, domin babu dokar da ta hana ki riƙe lambar wanda ya sayi kaya a wurinki don ki kai masa kayansa. Dokokin kare bayanai suna da yawa yanzu. Gana ta yi tata tun 2012, Nijar a 2017, Kenya a 2019, Najeriya a 2023, ta Tarayyar Turai kuma, wadda aka fi sani da GDPR, ta fara aiki ranar 25 ga Mayun 2018. Lafazinsu ya bambanta, amma abin da suke nema kusan ɗaya ne: ki kasance da dalili na halal kafin ki karɓi bayanin mutum, ki gaya masa abin da za ki yi da shi, kada ki karɓi fiye da buƙata, ki tsare shi, sannan ki goge shi idan amfaninsa ya ƙare.

Gaskiya ne ƙanƙantar sana'a ba ta fitar da mutum daga doka, kuma alƙaluman tarar suna da ban tsoro. A Turai tara tana iya kaiwa Yuro miliyan 20 ko kashi 4 cikin 100 na cinikin shekara, wanda duk ya fi yawa, a Najeriya kuma wanda ba ya cikin manyan masu sarrafa bayanai ana iya cinsa har Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsa. Sai dai wannan iyaka ce ta sama, kuma hukumomi suna duba girman laifi da yawan mutanen da ya shafa. Tarar Yuro biliyan 1.2 da kika iya ji, kamfanin Meta, mai Facebook da WhatsApp, aka ci a watan Mayun 2023.

Kafin lauya, ki ɗauki takarda ki rubuta abubuwa huɗu: wane bayani kike karɓa, a ina yake ajiye, su wa ke iya gani, kuma yaushe za a goge shi. Duk abin da kika kasa faɗin dalilin karɓarsa, ki daina karɓa. Kada ki yarda a turo miki hoton katin banki ko kaɗan, domin ƙa'idar kamfanonin kati ta hana ajiye lambobi ukun nan na bayan kati da zarar an gama biya. Lauya zai zama dole ne idan kina riƙe da bayanan lafiya, ko na yara, ko zanen yatsa, ko kuma kina tallata kaya ga mazauna Turai, domin dokarsu tana bin mai sayarwa har ƙasarsa.

Tambaya: An yi mini tayin dubban lambobin waya da araha don in riƙa aika musu talla. In saya?

Amsa: A'a, Malam, kuma na yi mamakin tambayar. Masu waɗannan lambobi ba su san ka ba, ba su ba ka izini ba, wanda zai sayar maka kuma bai gaya maka inda ya samo su ba, domin ya san amsar ba ta faɗuwa. Za ka biya kuɗi ka sayi laifin wani, rabin lambobin ba sa aiki, sauran kuma za su toshe ka su kai ƙararka har a rufe layin kasuwancinka.

Tambaya: Mai gyaran kwamfutarmu ya ce zai saka mana manhajar lissafi da ta kariya da ya fasa, ba sai mun biya lasisi ba. Wani kuma ya zo da takardar shaida mai hatimi, ya ce idan na biya shi na gama da maganar doka. Wanne zan fara yi?

Amsa: Alhaji, kada ka fara ko ɗaya. Zan ɗan tsaya a nan, domin wannan ita ce cutar da na fi gani a wajen masu ƙananan sana'o'i: ana ƙyashin biyan abin da ke da amfani, ana kuma zuba kuɗi a kan abin da ba shi da shi, duk a mako guda.

Mu fara da manhajar da aka fasa. Wanda ya zauna ya ɓata lokacinsa ya karya makullin manhajar da ake sayarwa, ya kuma baza ta kyauta, ba don Allah ya yi ba, banza ba ta kai zomo kasuwa. Da yawa daga cikin irin waɗannan manhajoji suna zuwa da ɓoyayyen kaya a cikinsu, wanda ke kwashe kalmomin sirri, ko ya naɗi abin da ake bugawa, ko ya kulle fayiloli ya nemi kuɗin fansa. Ka lura da abin da mai gyaran zai yi kafin ya saka ta: zai kashe manhajar kariyar da ke cikin kwamfutar, domin in bai kashe ba za ta hana shi. Ke nan da hannunka ka sallami mai gadi don baƙon da ba ka sani ba ya shigo, a cikin na'urar da ke ɗauke da sunayen abokan cinikinka da lambobin asusunsu da albashin ma'aikatanka. Abin takaicin ma shi ne manhajar kariyar da yake son fasa maka ba ka buƙatarta, domin Windows 10 da 11 suna zuwa da tasu, Microsoft Defender, wadda ba a biyan komai a kanta. Idan kuɗin lasisin manhajar rubutu da lissafi ne ya yi maka nauyi, akwai LibreOffice, wadda kyauta ce tun daga tushe, ba ta sata ba.

Akwai illa ta biyu da ba a cika magana a kanta ba. Manhajar da aka fasa yawanci ana toshe mata hanyar sabuntawa don kada kamfanin ya gane, sabuntawar nan kuwa ita ce ke rufe ɓarakar da masu kutse ke bi. A watan Mayun 2017 harin WannaCry ya kulle kwamfutoci a ƙasashe sama da 150, har da na asibitocin Birtaniya, alhali Microsoft ya fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris na shekarar, waɗanda ba su sabunta ba su ne suka sha wuya. Saboda haka mai shirin sayen tsohuwar kwamfuta ya sani cewa Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 daga 14 ga Oktoban 2025, ya kuma tabbatar na'urar tana ɗaukar Windows 11 kafin ya biya.

Jabun kaya bai tsaya a manhaja ba. Akwai filashin da ake rubuta masa girman da ba shi da shi, kwamfuta ta nuna maka ya karɓi komai, sai ranar da ka nemi fayilolinka ka tarar sababbi sun hau kan tsofaffi sun lalata su. Duk wanda ya sayi ma'ajiya don adana kwafin bayanansa, ya cika ta da fayiloli, ya cire, ya sake sakawa, ya buɗe na farko da na ƙarshe kafin ya amince da ita.

Ita kuwa takardar shaidar da aka kawo maka, ka tambayi mai ita: wace hukuma ce ta ba shi izini, kuma me ya bincika a shagonka kafin ya buga hatimi? Wanda bai duba kwamfutarka ba, bai tambayi ma'aikatanka komai ba, ba abin da zai shaida. Ko a dokar Turai, inda aka tanadi shaida ta gaskiya, an faɗa ƙarara cewa mallakarta ba ta rage nauyin da ke kan mai sana'a. A wasu ƙasashe, kamar Gana da Kenya, ana buƙatar wasu masu sana'a su yi rajista da hukumar kare bayanai, amma wannan a shafin hukumar kanta ake duba shi, kuma ita ake biya kai tsaye. Kuɗin da ka ware wa takardar, ka sayi lasisi na gaskiya da shi, da ma'ajiya ta biyu da za ta kwana a wani wuri daban, da kabad mai makulli don takardu. Ka kuma ba kowane ma'aikaci kalmar sirrinsa shi kaɗai, ka rufe ta ranar da ya bar aiki, ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato neman ƙarin lambar sirri kafin a shiga, a imel da WhatsApp, waɗannan kuwa ko sisi ba a biya.

Tambaya: Ina so in zuba duk abokan cinikina a zaure guda na WhatsApp don sanar da su sababbin kaya.

Amsa: Malama, a zaure kowa yana ganin lambar kowa, kuma matar da ta ba ki lambarta ba ta ba baƙi ɗari ba. Ki yi amfani da jerin watsa saƙo, wanda ke ɗaukar mutum 256 kuma kowa saƙon ke isa gare shi shi kaɗai, muddin ya ajiye lambarki. Ki nemi yardarsu tukuna, wanda ya ce ki cire shi kuma ki cire shi nan take.

Tambaya: Zan sayi kyamarorin tsaro, kuma ina son in riƙa saka hotunan masu zuwa wurina a Facebook don talla. Akwai matsala?

Amsa: Malam, kyamara ba laifi ba ce idan ka manna sanarwa a ƙofa, ka nisanta ta daga banɗaki da wurin canza kaya, ka sauya kalmar sirrin da ta zo da ita daga kamfani, ka kuma sa ta riƙa goge tsohon ɗauka bayan ƙayyadadden lokaci. Talla da fuskar mutum kuwa magana ce daban. A watan Satumban 2023 hukumar kare bayanai ta Kenya ta ci wani gidan shaƙatawa tarar Shilin miliyan 1.85 saboda ya wallafa hoton wanda ya zo wurin ba da izininsa ba, ta kuma ci wata makaranta Shilin miliyan 4.55 kan hotunan yara da ta saka ba da yardar iyayensu ba. Waɗannan ba manyan kamfanonin duniya ba ne. Ka nemi izini a rubuce, ko da a saƙon waya ne, ka ajiye shi.

Tambaya: An sace kwamfutar ofishinmu da daddare, a ciki akwai kwafin katin shaidar abokan hulɗarmu. Tsoro nake ji. In yi shiru?

Amsa: Allah ya mayar da alheri, ƙanwata, kuma kin yi daidai da kika tambaya. Kada ki yi shiru. Dokar Turai da ta Najeriya duka sun ba da sa'o'i 72 daga lokacin da aka gano ɓarnar don a sanar da hukuma, idan abin zai iya cutar da mutane, kwafin katin shaida kuwa yana cikin abin da 'yan damfara suka fi nema. Yau ɗin nan ki sauya duk kalmomin sirrin da aka taɓa shiga da su a na'urar, ki kai rahoto wurin 'yan sanda, ki rubuta abin da ya ɓata da lokacin da kika gano. Sannan ki kira mutanen da abin ya shafa ki gaya musu gaskiya, don su sa ido a asusunsu su kuma yi hattara da baƙon kira. Wasu za su yi fushi, amma fushin wanda ya ji daga bakinki bai kai na wanda ya ji bayan an ci bashi da sunansa ba. Sabuwar kwamfutar da za ki saya, ki kunna mata rufin bayanai irin BitLocker, wanda ke hana karanta abin da ke ciki ba tare da kalmar sirri ba, tun ranar farko, domin da shi ɓarawo ƙarfe kawai zai samu.

Tambaya: Wani ya ci bashina ya ƙi biya. Ina da hoton katin shaidarsa, in saka a Facebook don ya ji kunya?

Amsa: Malam, katin an ba ka ne don ka tabbatar da ko shi wane ne, ba a ba ka don ka tozarta shi ba, kuma ranar da ka wallafa shi, shi ne zai zama mai ƙara kai kuma wanda ake ƙara. Ka tattara rasit da saƙonnin da kuka yi, ka rubuta masa takardar neman biya mai wa'adi, in ya ƙi ka kai shi kotu.